Darasi na Bakwai: Yadda Ƙwaƙwalwar Jariri Ke Ginuwa, da Yadda Masana Suka Gano Haka

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ke faruwa cikin kan yaro daga haihuwa zuwa shekara uku;
2. faɗin dabarun da masu bincike ke bi su sami amsa daga jaririn da bai fara magana ba;
3. bambanta shaƙuwa da sangarta;
4. bayyana dalilin da ya sa ake raba mutane da ƙuri'a a wajen bincike;
5. kawo wasa guda da zai iya yi da yaro da kayan da ke cikin gidansa.

1. HANYOYI CIKIN KAI

Duk wanda ya taɓa karɓar jariri ranar suna ya san maɗiga, wurin nan mai laushi a tsakar kai da ake gani yana ɗan motsi. Ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, domin abin da ke ciki yana da sauran girma. Ranar haihuwa ƙwaƙwalwa ba ta kai rabin kilo ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na ta babban mutum. Kafin yaro ya cika shekara uku ta kai wajen kashi 80 cikin 100, a shekara biyar kuwa wajen kashi 90.

To, mene ne ke ƙaruwa? Ƙwaƙwalwar babba tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma mafi yawansu da su aka haife shi. Abin da jariri bai zo da shi da yawa ba shi ne hanyoyin da ke sada wannan ƙwaya da waccan. Cibiyar nazarin bunƙasar yara ta Jami'ar Harvard a Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarun farko ana ƙulla irin waɗannan mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa.

Sai dai ba duka ke zama ba. Ku tuna hanyar ƙafa a ƙauye. Wadda mata ke bi safe da yamma zuwa rijiya tana faɗaɗa ta yi fes, ko da dare ba a ɓacewa a kanta. Wadda aka daina bi kuwa, damina ɗaya ta ishi ciyawa ta shafe ta. Haka mahaɗan ƙwaƙwalwa suke: wadda ake aiki da ita ta yi ƙarfi, wadda aka bari a rage ta.

┌ MA'ANAR KALMA
│ Ƙwayar jijiya: ƙaramar halitta a ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙo ta miƙa shi gaba.
│ Mahaɗa: wurin da ƙwayar jijiya ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo.
│ Sassabe: rage mahaɗan da ba a aiki da su, domin sauran su yi ƙarfi.
└

Ta yaya aka san haka, alhali jariri ba ya amsa tambaya? Ga wata dabara. A 1984, Janet Werker da Richard Tees a ƙasar Kanada sun buga sakamakon wani gwaji. Ana zaunar da jariri a cinyar uwarsa, lasifika tana maimaita sauti ɗaya. Da zarar sautin ya canza, sai wani akwati a gefe ya yi haske, 'yar tsana ta yi motsi a ciki. Ba da jimawa ba jaririn zai gane cewa canjin sauti na nufin abin kallo, sai ya riƙa juya kai tun kafin hasken ya kama. Juya kan nan ita ce amsarsa: "Na ji bambanci."

Sai suka sa wa 'ya'yan masu jin Turanci wasu baƙaƙe na harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin Kanada, waɗanda babu su a Turanci. Jarirai 'yan wata shida zuwa takwas sun bambance su sarai. 'Yan wata goma zuwa goma sha biyu kuwa, mafi yawansu sun daina juya kai. Hanyar da ba a bi ta fara shafewa.

Misali daga gida: Bahaushe ba ya rikita "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari", ko "daidai" da "ɗaiɗai". Amma baƙon da ya koyi Hausa da girma sai ya shekara yana fama, wani har ya tsufa bai raba su ba. Ba kunnensa ne ya lalace ba. Ɗan Bahaushe ya ji "ƙ" da "ɗ" sau dubbai yana goye a baya, tun bai san ma'anar komai ba, hanyar ta zauna. Wato hirar da ake yi a gaban jariri, da wadda ake yi da shi, ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Ginin ƙwaƙwalwa yana son kayan aiki, yana kuma gudun ɓarna. Tamowa da ƙarancin sinadarin aidin suna tauye shi, shi ya sa ake sa aidin a gishiri. Dalma guba ce gare shi: a 2010 ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara, wasu da suka rayu ta bar su da naƙasar ƙwaƙwalwa. An kuma sha samun dalma a cikin tozalin dutse, saboda haka a nisanta shi daga idon jariri.

2. BA-NI-IN-BA-KA

Hausawa na cewa ba ni gishiri in ba ka manda. Jariri ma da wannan ciniki yake zuwa duniya. Zai yi gwaranci, ya dubi fuskarki, ya jira. Ki amsa, ya ƙyalƙyale da dariya, ya sake jefo wani. Zai nuna akuya da yatsa, ka ce "akuya ce, ka gan ta?", ya sake nunawa.

┌ MA'ANAR KALMA
│ Ba-ni-in-ba-ka: musayar kallo, sauti ko motsi tsakanin jariri da mai renonsa, inda kowa ke amsa wa ɗan'uwansa bi da bi.
└

Edward Tronick, wani masanin halayyar yara a Amurka, ya so ya ga abin da zai faru idan aka yanke wannan ciniki. Ya gabatar da gwajinsa a 1975, aka buga shi a 1978. Uwa za ta zauna fuska da fuska da jaririnta ɗan watanni kaɗan, su yi wasa yadda suka saba. Sai a yi mata alama ta ɗaure fuska: tana kallonsa, amma ba murmushi, ba magana, ba motsi, na minti biyu ko uku kawai.

Jaririn yakan gane nan take. Da farko zai yi mata murmushin da ya san yana aiki. Shiru. Ya miƙa hannu, ya yi ƙara, ya nuna wani abu. Shiru. Daga nan sai ya kau da kai, ya fara tsotsar hannu, ya banƙare, sau da yawa ya fashe da kuka. Na'ura takan nuna bugun zuciyarsa ya ƙaru. Da uwar ta saki fuska ta ce masa wani abu, sai ya dawo, wani lokaci da ɗan guntun fushi, kafin wasa ya ci gaba.

Kada uwa ta karanta wannan ta shiga damuwa don ta bar yaro yana kuka tana kwashe tuwo. Tronick ɗin nan ya auna ya ga cewa ko a tsakanin uwa da ɗa masu lafiya, wajen kashi ɗaya cikin uku na lokacin ne kawai suke dacewa da juna. Sauran duk saɓani ne da gyara: ya kira ba ta ji ba, ta juyo ya kau da kai, can su haɗu. A wurin gyaran nan ne yaro ke koyon cewa ɓacin rai yana wucewa. Abin tsoro shi ne shirun da ba a dawowa daga gare shi. Za mu gan shi a kashi na huɗu.

3. SHAƘUWA, DA MAGANAR ƊAN FARI

Wajen wata bakwai zuwa tara yaro yakan fara ƙiwa. Baƙuwa ta miƙo hannu, ya maƙale a jikin wadda ya sani. Sai ka ji ana cewa an sangarta shi. A wurin masana kuwa wannan alamar ci gaba ce: ya rarrabe nasa da bare, ya kuma zaɓi mafaka.

Likitan Ingila John Bowlby ne ya tsara wannan tunani, amma wadda ta fara bin sa gida-gida da littafi a hannu ita ce Mary Ainsworth, kuma a Afirka ta fara. A 1954 da 1955 ta riƙa ziyartar iyalai 26 a ƙauyukan kusa da Kampala, a Yuganda. Ta lura cewa yaron da ya natsu da uwarsa shi ne ya fi yin nisa da rarrafe. Zai tafi ya taɓa wannan ya leƙa wancan, ya waiwayo ya ga tana nan, ya ƙara gaba. Wanda bai da tabbas kuwa yana nan liƙe, ko wasa ya kasa. Daga baya a birnin Baltimore na Amurka ta mayar da abin gwaji na wajen minti ashirin: uwa ta fita daga ɗaki, ta dawo. Abin da ake dubawa ba yawan kukan rabuwa ba ne, a'a, yadda yaron ke karɓarta in ta dawo, da ko yana lallasuwa a hannunta.

┌ MA'ANAR KALMA
│ Shaƙuwa: ƙullin da ke sa yaro ya nemi wani mutum takamaimai idan ya tsorata, ya gaji ko ba shi da lafiya, ya kuma sami natsuwa a wurinsa.
└

A nan ɗalibai mata sukan ɗaga hannu. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini a aji: "Malam, ni ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ga shi yau da nasa iyalin, lafiya lau. To ina maganarku ta tsaya?" Aji ya ɗauki dariya, amma tambayar ta masana ce, kuma masana sun yi ta.

A ƙarshen shekarun 1960, Robert LeVine da Sarah LeVine sun zauna a ƙasar Hausa suna nazarin reno. Sarah, wadda ta yi karatu a inda ake ɗaukar kau da ido daga jariri a matsayin alamar matsala, ta ga matasan iyaye mata suna shayar da ɗan fari suna kallon wani wuri saboda kunya. Amma yaran ba su nuna alamar rauni ba. A 1977 Robert Marvin tare da su LeVine da wasu abokan aiki suka buga nazarin jarirai 18 na Hausawa. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, kuma wadda ya fi shaƙuwa da ita ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ta haife shi ba.

Amsar dattijuwar ke nan. Ita ta yi kara, amma kaka ba ta yi ba, goggo ba ta yi ba, 'yar reno ba ta yi ba. Yaron yana hannu daga safe zuwa dare, kuma da ya motsa akwai mai amsawa. Uwar ma, bayan an rufe ƙofa, ba dutse ba ce. Sai dai ga abin da nake so mu yi tunani a kai: wannan al'ada a babban gida ta girma. Amaryar da ke zaune a ɗaki ɗaya na haya a birni, miji ya fita tun asuba, ba kaka ba goggo, idan ta riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda uwarta ta riƙe, wa zai amsa wa yaron?

4. GIDAJEN DA BA A JIN KUKA

A 1966 shugaban Romaniya, Nikolai Caushesku, ya kafa dokar hana zubar da ciki, aka kuma toshe hanyoyin tsarin iyali, don yana so jama'ar ƙasar su yawaita. Talauci ya sa iyaye da yawa suka miƙa wa gwamnati 'ya'yansu. Da mulkinsa ya faɗi a Disambar 1989, aka tarar da yara sama da 100,000 a gidajen reno na gwamnati. Ana kiran su marayu, amma mafi yawansu iyayensu na raye.

Abin da ya fi girgiza baƙin da suka shiga shi ne shiru. Ɗaki cike da gadajen jarirai, ba mai kuka. Ma'aikaciya ɗaya tana kula da yara goma ko fiye, abinci da wanka duk bisa agogo. Yaran sun yi kira har sun gaji sun daina. Wasu na zaune suna ta rangaji gaba da baya su kaɗai.

A shekarar 2000 masana uku daga Amurka, Charles Nelson, Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bincike a Bukares, babban birnin ƙasar. Sun ɗauki yara 136 daga irin waɗannan gidaje, 'yan wata 6 zuwa 31. Suka nemo iyalai masu riƙo, suka horar da su. Sannan aka jefa ƙuri'a: yara 68 suka tafi riƙo, 68 suka ci gaba da zama inda suke. Aka kuma haɗa da yara 72 da ke gaban iyayensu tun haihuwa, don kwatanci.

Me ya sa ƙuri'a? Da an bar masu riƙo su zaɓa, za su ɗauki yaro mai ƙiba, mai fara'a, mai wayo. In daga baya aka ga 'yan riƙo sun fi, ba wanda zai iya cewa riƙon ne ya jawo, domin tun farko sun fi. Ƙuri'a ba ta san kyakkyawa ba, ba ta san mai rama ba. Tana raba su daidai, sai ya zama bambancin da ya fito daga baya na riƙon ne.

┌ MA'ANAR KALMA
│ Rabon ƙuri'a: sanya mutane cikin rukuni ba da zaɓin kowa ba, don rukunan su fara daidai.
│ Rukunin kwatanci: waɗanda ba a yi wa sabon abin ba, da su ake auna waɗanda aka yi wa.
└

Misali daga gida: wani ya ce, "Yaran unguwarmu da ke shan madara sun fi ƙoƙari a makaranta, ashe madara ce sirrin." Tambaye shi: su wa ke iya sayen madara? Gidan da ke da kuɗin madara shi ke da kuɗin littafi da na magani. Wataƙila madarar ce, wataƙila ba ita ba ce. Kallo kaɗai ba zai raba gardamar ba.

An buga sakamakon Bukares a 2007. A gwajin basira da ake ɗaukar maki 100 a matsayin tsaka-tsaki, yaran suna da shekara huɗu da rabi: na gidan gwamnati sun sami wajen 73, 'yan riƙo 81, na gaban iyaye 109. Waɗanda aka kai riƙo kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa, a basira da kuma shaƙuwa. Na'urar da ke auna wutar ƙwaƙwalwa ta fatar kai ita ma ta nuna irin wannan bambanci.

Ku dubi lambobin da kyau. Daga 73 zuwa 81 ci gaba ne na gaske, amma 81 ba 109 ba ce. Riƙo ya gyara, bai goge komai ba. Haka kuma kada a ce bayan shekara biyu ƙofa ta rufe. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da haƙuri da tsara al'amura, yana ci gaba da nuna har bayan shekara ashirin. Icce dai tun yana ɗanye ya fi tanƙwaruwa.

Akwai tambaya mai nauyi da aka yi wa masanan, kuma ya dace a yi ta: ya halatta a bar yara 68 a wannan hali don a sami abin kwatanci? Amsarsu ita ce a lokacin kusan babu tsarin riƙo a birnin, kuɗinsu ba zai ɗauki kowa ba, kuma jami'ai da dama ba su yarda riƙo ya fi gidan gwamnati ba, sai an nuna musu hujja. Ba su kuma hana hukuma mayar da yaro ga danginsa ko ba da shi riƙo ba, kuma da yawa sun fita ta haka. Ni dai har yau amsar ba ta kwantar mini da rai gaba ɗaya ba. Za mu tattauna a aji.

5. GWANGWANI DA MURFI

Ga wani bincike da ya fi kusa da halinmu. A 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta a Jami'ar West Indies sun tattara yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 a unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika. Dukansu sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. Aka raba su huɗu da ƙuri'a. Rukuni na farko ana ba su kilo ɗaya na madarar gari duk mako. Na biyu, ma'aikaciyar lafiya ta unguwa tana zuwa gida awa ɗaya a mako, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Na uku sun sami duka biyun. Na huɗu su ne rukunin kwatanci. Aka yi shekara biyu ana haka.

Da farko madara ta taimaka, wasa ya taimaka, waɗanda suka haɗa biyun suka fi kowa. Amma masanan ba su tsaya nan ba, suka ci gaba da bin yaran. Da tafiya ta yi nisa, tasirin madarar a kan basira ya dushe, na wasan ya zauna. A 2014 aka buga cewa, suna da shekara 22, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da wajen kashi 25 cikin 100.

Lissafi: a ce wanda ba a ziyarta ba yana samun naira 40,000 a wata. Kashi 25 cikin 100 na 40,000 shi ne 10,000. Wanda aka ziyarta zai sami 50,000 ke nan.

Wannan ba ya nufin abinci ba kome ba ne. Yaro mai yunwa ko wasan ba ya iyawa. Kuma ku lura, ma'aikaciyar awa ɗaya kawai take yi. Sauran awa 167 na mako a hannun mutanen gida suke.

Misalin wasa, ga ɗan shekara ɗaya da rabi: a samo gwangwanin madara wankakke marar kaifin baki, da murafun roba manya guda biyar, waɗanda ba za su shige bakinsa ba. Ki jefa ɗaya ciki, ki ce "ciki!" Ki miƙa masa ɗaya, ki jira. Jiran nan shi ne wurin da manya suka fi kasawa, hannu yana ƙaiƙayin a yi masa. In ya jefa, ki yaba masa da sunansa. In kuwa ya kife gwangwanin ya hau bugu, to wasan ya koma ganga, ki bi shi: "Kana kiɗa? Buga mu ji!" Uba ma zai iya, a kan tabarma bayan la'asar, haka yaya ko kaka.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne mahaɗa? Yi amfani da misalin hanyar rijiya ka bayyana sassabe.
2. A gwajin Werker da Tees, ta wace hanya jariri ke nuna ya ji bambancin sauti? Me ya canza tsakanin wata shida da wata goma sha biyu?
3. Lissafa abubuwa uku da jariri ke yi idan uwarsa ta ɗaure fuska.
4. Maƙwabciyarki ta ce ƙiwa alamar sangarta ce. Me za ki ce mata?
5. Me binciken 1977 ya gano game da jariran Hausawa? A wane irin gida ne kunyar ɗan fari za ta iya barin yaro ba mai amsa masa?
6. Don me aka yi amfani da ƙuri'a a Bukares? Me zai faru da sakamakon da masu riƙo ne suka zaɓi yaran?
7. Maki nawa ne tsakanin 'yan riƙo da yaran gidan gwamnati? Nawa ne tsakanin 'yan riƙo da na gaban iyaye?
8. Idan wanda ba a ziyarta ba yana samun naira 60,000, nawa ne kuɗin wanda ya fi shi da kashi 25 cikin 100?
9. Tattaunawa a aji: da kai ne mai binciken Bukares, kuɗinka na riƙon yara 68 ne kawai, yaya za ka yi?
10. Aikin gida: zauna minti goma kusa da jariri da mai renonsa. Ƙirga sau nawa jaririn ya fara kira da kallo, sauti ko nuni, da sau nawa aka amsa masa. Rubuta wanda ya fi amsawa a gidan, ka zo da takardar mako mai zuwa.